Yadda Muka Koyi Riƙe Numfashin Mai Kallo

Mu da muka taso a Ikara, Maƙarfi da Kudan, kaset ɗin bidiyo daga Kano ne makarantarmu ta farko. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a 1990, kuma a yawancin finafinan wancan zamani kyamara a kafe take wuri guda: 'yan wasa su shigo falo, su zauna, su faɗi komai da baki. Mugu ma sai ya zayyana wa abokinsa makircinsa tiryan-tiryan. Gado ne daga wasan rediyo da talbijin na su Samanja da Ƙasimu Yero, inda zance ke ɗauke da labari, kuma a can ya dace.

A 1991 Saddik Balewa ya yi Ƙasarmu Ce, labarin attajirin da ke neman ƙwace ƙasar wani ƙauye saboda duwatsu masu daraja, har da kisan kai a ciki. Hanya ce ya buɗe, amma kasuwa ba ta bi ta ba. Bayan Sangaya a 1999, waƙa ta mamaye komai. Ina son waƙa, sai dai idan zuciyar mai kallo ta fara bugawa aka jefo rawa ta minti biyar, an zubar da abin da aka tara. Dabara ɗaya ce muka ƙware a kanta: a yanke labari daidai inda aka zaro wuƙa, a ce mu haɗu a kashi na biyu. Wannan kuwa don a sayar da kaset ne.

Da kasuwar faifai ta mutu, masu dogon zango irin Kwana Casa'in a Arewa24 da Labarina na Aminu Saira suka tilasta wa marubuta su iya rataye mai kallo mako guda. A Kaduna kuma, yaran The Critics suka nuna a 2019 cewa wayar hannu ta isa a yi gajeren fim da duniya za ta kalla.

Gajeren fim na minti bakwai ba ya ba ka damar surutu. Ka nuna wa mai kallo abin da jarumar ba ta gani ba, inuwa a bayan zana, sannan ka bar ta ta ci gaba da wanke-wankenta. Ka matso da kyamara kan hannun da ke laluben sakata. Wurin tacewa, ka jinkirta yanka har sai an ƙosa, ka kashe kiɗan piyano gaba ɗaya. Kuma Allah ya ba mu wurin ɗauka da Kano ba ta da shi a cikin gari: gonar rake ta Maƙarfi gab da magariba, wadda ta fi mutum tsawo, ganye na ƙara ba ka san iska ce ko sawu ba. Yaran da ke zuwa wurina da waya, can nake fara tura su, na ce kada kowa ya yi magana a fitowar farko.