Kwalejin Katsina: Gidan Da Aka Gina Domin Malamin Makaranta

Duk wanda ya shiga unguwar Rafukka a birnin Katsina zai tarar da wani tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, wanda ko da tsakar rana a bazara cikinsa yana da sanyi. A yau gidan tarihi ne. Amma shekaru ɗari da suka wuce, a cikin waɗannan soraye aka riƙa ƙyanƙyasar malaman boko na Arewacin Nijeriya.

Kafin nan, a 1909, Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. Daga bisani aka riƙa buɗe makarantun larduna, sai matsala ta bayyana: ga azuzuwa, ga yara, amma babu isassun masu koyarwa. Kawo malami daga Ingila abu ne mai tsada, kuma iyaye ba su saki jiki da boko ba, balle su miƙa ɗansu ga baƙon da bai san addininsu da al'adarsu ba. Mafita ɗaya ce: a horar da 'yan ƙasa su koyar da 'yan'uwansu.

Zaɓen Katsina domin kafa kwalejin horon malamai ba a banza aka yi shi ba. Gari ne da ya shahara da ilimi tun zamanin da Hasumiyar Gobarau take matattarar almajirai, ga kuma Sarki Muhammadu Dikko wanda ya karɓi al'amarin hannu bibbiyu. Aka fara karatu a 1921, sannan Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗe makarantar a watan Maris na 1922.

Ɗalibai kaɗan ake ɗauka, ana tsamo su daga larduna daban-daban: Sakkwato, Barno, Bauci, Neja, Ilori da sauransu. Shekara biyar suke yi suna koyon Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa, tare da Larabci da addini a hannun malamai irin su Malam Bello Kagara, mawallafin Ganɗoki. An matsa musu ƙwarai a kan furucin Turanci, shi ya sa har bayan shekaru ake gane ɗan Kwalejin Katsina da zarar ya buɗe baki. Da yamma kuma sai wasan kurket da na fayif, wanda Sardauna Ahmadu Bello bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Ga abin da mutane suka fi mantawa. Manyan da muke alfahari da su, da alli suka fara. Ahmadu Bello ya gama a 1931 ya koma Midil ta Sakkwato yana koyarwa, har aka naɗa shi hakimin Raba a 1934. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933 ya koma Midil ta Bauci, ya daɗe a aji har ya zama hedimasta. Abubakar Imam yana malami a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Shi ma Kashim Ibrahim, wanda ya zama Gwamnan Arewa, a aji ya soma aiki a Barno.

A 1938 aka ɗauke makarantar zuwa Kaduna, ta zama Kwalejin Kaduna. A nan Malam Aminu Kano da Shehu Shagari suka yi karatu, kuma su ma aji suka nufa. Aminu ya koyar a Bauci, ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, aka kuma tura shi Maru. Shagari kuwa ya riƙe hedimasta a Argungu. A 1949 aka sake ɗauke makarantar zuwa Zariya, inda ta zama sakandare ta gwamnati, har aka raɗa mata suna Kwalejin Barewa a 1971. Yakubu Gowon da Murtala Muhammed da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk sun ratsa ta cikinta.

Gaskiya ɗaya ce, makarantar ba ta rasa naƙasu ba. Turawa sun taƙaita yawan ɗalibanta, ba a kuma ɗauki mace ko ɗaya ba. Tsirarun da take yayewa kowace shekara ba za su ishi yanki mai faɗin Arewa ba, kuma wannan giɓin mun daɗe muna ɗanɗana kuɗarsa.

Sai dai idan ana lissafin amfanin da ta yi, ni ba shugabannin ƙasa nake fara tunawa ba. Ina tuna malamin da aka tura wani ƙaramin gari, ya sauka da akwatinsa da kekensa, bai ƙara barin aji ba har furfura ta cika masa kai. Da sassafe yana tsaye a bakin ƙofa da rajista a hammata, yana duba farce da wuyan riga. Ranar kasuwa shi ke bin gida gida yana lallashin iyaye su bar yaro ya dawo makaranta. Da daddare, a gaban fitilar ƙwai, yana duba littattafai da jan biro, ga kuma maƙwabci zaune yana jira a karanta masa wasiƙa. Ba a sa wa titi sunansa ba, amma likitan garin da alƙalinsa da akawunsa duk ta hannunsa suka bi. Domin irin wannan mutum aka aza harsashin ginin Rafukka.

Magabatanmu sun gane cewa malami ake fara ginawa kafin aji. Mu kuwa a yau mun iya fenti da yanka kirtani, amma albashin malamin firamare sai ya yi ta jira, fanshonsa kuwa wani har ya koma ga Mahaliccinsa bai gani ba. Ina kira ga gwamnonin Arewa da tsofaffin ɗaliban Barewa da su waiwayi kwalejojin horon malamai da irin himmar da aka kafa ta Katsina. Kai kuma mai karatu, in malaminka na firamare yana raye, ka je ka gaishe shi. In ya riga mu gidan gaskiya, ka sa shi a addu'a.