Rijiyoyin Sama: Yadda Tururin Ruwa Ya Zama Ma'aunin Taurari

Duk wanda ya taɓa kwana a Ollelewa, cikin ƙasar Damargu, a watannin sanyi, ya san cewa ruwa da taurari ba rabo ɗaya aka yi wa ƙasar ba. Ruwa sai an zura guga da doguwar igiya, an sa raƙumi ko sa ya ja. Taurari kuwa, in ƙurar hunturu ta lafa, sai ka ce gero aka watsa a kan baƙin zane. Tun zamanin da ayarin Abzinawa ke yada zango a nan su sayi hatsi, a kan hanyarsu ta zuwa Damagaram da Kano, mutanen yankin ke karanta sama kamar allo. Bahaushe ya san Kaza da 'ya'yanta, ya san Zara da Gamzaki. Abzinawa kuma suna da Amanar, jarumi mai ɗamara da takobi, wanda Larabawa ke kira Jauza, Turawa su ce Oriyon.

A ƙasan taurari ukun nan na ɗamarar Amanar, tsakiyar takobinsa, akwai wani ɗigo mai dishi-dishi kamar hayaƙi. Gajimare ne na iska da ƙura inda ake haihuwar sababbin taurari, kuma haskensa kan yi shekara wajen 1,350 a hanya kafin ya iso duniya. A cikin wannan gajimare ne, da wasu biyu irinsa, aka fara jin muryar ruwa a sararin samaniya.

Labarin ya faro ne daga ɗakin bincike. A 1954 Charles Townes da almajiransa a Jami'ar Kolambiya ta birnin New York suka ƙera wata na'ura da ke sa ƙwayoyin iskar amoniya su fitar da igiyar rediyo iri ɗaya tak, mai tsananin ƙarfi. Suka raɗa mata suna meza (da harafin z, kada a haɗa ta da mesar daji), kuma daga gare ta ne aka samu ƙanwarta leza, wadda ta fi ta suna a yau. Aikin ya jawo wa Townes kyautar Nobel a 1964, tare da Rashawa biyu, Basov da Prokhorov. A lokacin an ɗauka dabara ce ta ɗan'adam kaɗai. Ba a jima ba, a 1965, masu sauraren sama a Kalifoniya suka kama wata igiya mai ƙarfin da ya ɗaure musu kai, har suka zaci sabon sinadari ne. Ashe meza ce halittacciya, ta rigayi ta Townes da miliyoyin shekaru. Townes kansa ya juya ga sama, kuma a 1969 shi da abokan aikinsa suka ba da sanarwar cewa da ɗan farantin rediyo mai faɗin mita 6 a Hat Creek sun ji tururin ruwa yana kira, a igiya mai tsawon santimita 1.35.

Yadda abin ke faruwa ya yi kama da amshin waƙa. Jaririn tauraro, tun yana lulluɓe cikin ƙurar da ta haife shi, yakan feso iska da gudun kilomita gommai a daƙiƙa. In wannan iska ta yi karo da gajimaren da ke kewaye, sai wurin ya cushe ya yi zafi, ƙwayoyin ruwa su cika da ƙarfin da ke neman mafita. Igiya ɗaya ce za ta gifta, ƙwaya ta farko ta amsa da irin muryarta daidai, ta biyu ta amsa, haka dai har tsawon miliyoyin kilomita, amshin yana ninkuwa. Abin da ke isowa duniya ɗigo ne ɗan mitsitsi, wanda faɗinsa bai wuce nisan duniya da rana ba, amma mai kaifin da ƙura ba ta iya rufe shi. Ga masanin taurari wannan ya fi zinariya, domin ɗigo mai kaifi ana iya auna matsayinsa, a dawo baɗi a ga ko ya gusa.

Rana da dukkan taurarin da ido ke rarrabewa suna cikin garke ɗaya ne, farin zanen nan da ke ratsa sama, wanda malamai ke kira Majarra. Akwai wasu garkuna a maƙwabta. Abdurrahman as-Sufi ya ambaci ɗaya a littafinsa na taurari a shekarar 964, ya kwatanta shi da ɗan gajimare: shi ne Andromeda, wanda mai kaifin ido a Damargu zai iya gani ta arewa bayan isha a watan Nuwamba. Kusa da shi akwai ƙaramin garke, M33. A can ne Ed Churchwell da abokansa, da farantin Effelsberg mai faɗin mita 100 a kusa da Bon ta Jamus, suka gano mezar ruwa ta farko a wajen Majarra, a wata mahaifar taurari mai suna IC 133, suka bayyana ta a 1977. A 1981 masana biyu na ƙasar Barazil suka samu wata a Babban Gajimaren Majalan.

M33 yana da tsohon tabo a tarihin ilmin taurari. Tsakanin 1916 da 1923, Adriaan van Maanen na Dutsen Wilson ya gwada hotunan da aka ɗauka shekaru a tsakani, ya ce ya ga irin waɗannan garkuna, har da M33, suna juyawa. In da gaskiya ne, to lalle suna kusa, cikin Majarra suke, domin abu mai nisa ƙwarai motsinsa ba ya ganuwa. Manyan masana irin su Harlow Shapley suka dogara da shi. Mutum ne mai kula da aikinsa, ba maƙaryaci ba, sai dai abin da ya auna ya fi ƙarfin kayan aikinsa, kuma ido yakan ga abin da zuciya ke so. Edwin Hubble ya nuna cewa garkunan suna can nesa, a 1935 kuma ya sake awon bai ga juyin komai ba.

Sai bayan shekara 70 aka ga juyin na gaskiya, kuma ruwa ne ya nuna shi. Andreas Brunthaler da abokansa suka yi amfani da faranti goma masu faɗin mita 25, waɗanda aka jera daga Hawai zuwa tsibirin Santa Kuruwa na tekun Karibiyan, suna aiki tamkar ido ɗaya. Suka bi mezoji biyu a ɓangarori biyu na M33 na kusan shekara uku. Gusawar da suka auna a shekara ta yi daidai da kaurin silin gashi a Agadas ga mai kallo daga Damagaram, wato ta gaza abin da van Maanen ya yi da'awa sau ɗaruruwa. Da yake an riga an san gudun juyin garken a kilomita, sai lissafin kusurwa ya ba da nisansa: tafiyar haske ta shekara wajen miliyan 2.4, ko da yake da gefen kuskure mai faɗi. Sakamakon ya fito a 2005, tare da gudun garken gaba ɗayansa, kimanin kilomita 190 a daƙiƙa. A 2011 Jeremy Darling ya gano mezoji biyar a Andromeda kanta. Irin wannan awo ne ake zubawa cikin lissafin makomar Majarra. An daɗe ana cewa karonta da Andromeda tabbas ne, amma wani nazari na 2025, da ya sa jan M33 da na Gajimaren Majalan a lissafi, ya mayar da batun rabi da rabi cikin shekara biliyan 10.

'Yan Afirka ta Yamma ba su tsaya kallo ba. James Chibueze, wanda ya fito daga Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, ya yi digirinsa na uku a Kagoshima ta Japan a kan mezojin ruwa da ke kewaye da manyan jariran taurari. Gana kuma ta mai da tsohon farantin sadarwa mai mita 32 a Kuntunse ya zama na sauraren sama a 2017.

Babban abokin gabar mai neman ruwa a sama shi ne ruwan da ke bisa kansa. Tururin da ke cikin iskar duniya yana shanye igiyar santimita 1.35 ɗin nan, yana kuma fitar da tasa, shi ya sa masu wannan aiki ke son busasshiyar iska irin ta Damargu a watan Janairu, wadda ke fasa leɓe da dunduniya. Masana yanayi kuwa wannan hayaniyar ita suke nema. Tun 1987 wasu taurarin ɗan'adam na Amurka ke ɗauke da na'urar da ke sauraren igiyar don auna laimar iska. A 2006, lokacin babban binciken damina na Afirka ta Yamma da ake kira AMMA, an girke tashar awo a filin jirgin saman Yamai, cikin kayanta har da na'urar da ke kallon sama dare da rana a igiya mai maƙwabtaka da ta meza. Shekara guda ta yi tana rubuta yadda iska mai laima ke tasowa daga teku ta ture ta hamada zuwa arewa. Iskar nan takan iso Yamai tun kafin ruwan fari, ta ci gaba a hankali, kuma gonakin Tanut da Ollelewa suna cikin na ƙarshe da take riska, suna cikin na farko da take bari a watan Satumba.