Ma'aunin Hasken Taurari da Hazon Hunturu: Nazari a kan Shi'ira da Suhailu a Samaniyar Lafiya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake auna hasken taurari, da yadda ƙurar hunturu ke rage hasken kafin ya iso idon mai kallo a garin Lafiya. Lissafi ya nuna cewa tazarar haske tsakanin taurarin Shi'ira da Suhailu za ta iya zama ma'aunin kaurin hazo, ba tare da na'ura mai tsada ba.

Asalin ma'aunin

Masanan Girka ne suka fara kasa taurari daraja shida: mafi haske a ta ɗaya, waɗanda ido ke gani da ƙyar a ta shida. Haka Batlimus ya jera su a wajen shekara ta 150. A 964 Abdurrahman al-Sufi ya sake duba taurarin da idonsa, ya gyara darajojin da yawa daga cikinsu a littafinsa Suwar al-Kawakib. Sai a 1856 Norman Pogson na Ingila ya ɗora tsarin a kan lissafi: tazarar daraja biyar tana daidai da ninki 100 na haske, wato kowace daraja ninki 2.512 ce. Dalilin wannan tsari yana cikin idon ɗan Adam, wanda ninkuwar haske yake ganewa, ba yawan abin da aka ƙara ba. Lamba tana raguwa yayin da haske ke ƙaruwa, shi ya sa Zara kan wuce −4, cikakken wata yake −12.7, rana kuma −26.7.

Amma alƙaluman kundin taurari na hasken da bai ratso iska ba ne. Nan ne matsalar take ga mai kallo a ƙasarmu.

Lissafi a kan Lafiya

Lafiya tana wajen digiri 8.5 arewa da layin da ya raba duniya biyu. A daren Janairu da Fabrairu, taurari biyu mafi haske a duk samaniya suna tsayuwa ta kudu kusan lokaci guda. Shi'ira, wadda aka ambata a Suratun Najmi, darajarta −1.46 ce, kuma tana hawa har digiri 65 daga ƙasa. Suhailu darajarsa −0.74, kuma ba ya wuce digiri 29. Saboda haka hasken Shi'ira yana ratsa kaurin iska ninki 1.1 na wanda ke saman kai, na Suhailu kuwa ninki 2.1.

A dare garau, iska kan cinye kimanin daraja 0.2 daga tauraron da ke saman kai. Tazarar taurarin biyu sai ta tashi daga 0.72 zuwa 0.9, Shi'ira ta fi Suhailu haske ninki biyu da 'yan kai. Lokacin hunturu abin ya sha bamban. Iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura, musamman daga kwarin Bodele na Chadi, ta baza ta a Afirka ta Yamma. Idan muka ɗauki daren da hazo ke cin daraja 1.2 a saman kai, tazarar za ta kai kusan 1.9, wato kusan ninki shida. Tauraron arewa kuwa, wanda darajarsa 2 ce kuma digiri 8.5 kacal yake sama da ƙasa a Lafiya, zai yi asarar fiye da daraja bakwai, ya ɓace ɗungum.

Kaza da 'ya'yanta, wato Surayya ta lissafin malamai da manoma, ita ma tana ba da shaida. Mafi haskenta 2.9 ne, biyar na biye suna tsakanin 3.6 da 4.3, sauran da ido ke iya kamawa sun haura 5. Hazo mai kauri yakan ɗauke waɗannan na ƙarshe, fitilun gari kuma su rage wasu. Wannan hanya ta fi rauni, domin ƙarfin ido ya bambanta tsakanin yaro da dattijo, kuma ido yana buƙatar kamar minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya saba.

Shawara

A ganina gwajin Shi'ira da Suhailu ya fi inganci, tun da ido ɗaya ko kyamara ɗaya ce ke kallon duka biyun a lokaci guda, kuma duk taurari ne farare. Tashar auna ƙura ta AERONET da ke Jami'ar Ilorin da hasken rana take aiki, don haka awon dare zai cike giɓi na gaske. Ina kira ga Sashen Fiziks na Jami'ar Tarayya ta Lafiya da ya sa ɗalibai su riƙa ɗaukar hoton taurarin nan biyu kowane dare daga Disamba zuwa Maris, daga wuri guda nesa da fitilu, su kuma adana alƙaluman shekara bayan shekara.