Musun da muka yi kan Moustapha Alassane

Ran asabar a fadarmu ta Tawa, shayi bai kai ga dahuwa ba musu ya kaure tsakaninmu malamai kan Moustapha Alassane, wanda ya daɗe zaune a garin nan kafin ya rasu a Wagadugu a 2015.

Wani abokina ya ce Le Retour d'un aventurier na 1966 kwaikwayon finafinan kaboyi ne kawai. Ban yarda ba. Saurayi ne ya komo daga Amurka, ya raba ma abokansa huluna da bindigogi, suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu. Ai ba'a ce yake ma masu ɗaukar al'adar wasu ido rufe, shekara 6 kacal bayan ƴancin kai. A shekarar kuma ya yi Bon Voyage Sim da zanen hannu, inda shugaban ƙasar kwaɗi ke ziyarar aiki cikin shagali. Wa ke iya wannan tsokana lokacin jam'iyya ɗaya?

Inda abokina ya kama ni shi ne sauti da haɗin hoto: wani wuri labarin na tsalle, kuma aikinsa ya ja baya bayan shekarun 1970. Gaskiya ne, ko da yake rashin kuɗi ya durƙusar da silimar Nijar baki ɗaya, ba shi kaɗai ba.

Ran litinin na tambayi ƴan ajina wa ya san sunansa. Shiru. Taurarin Kano kuwa, har da ƴan wasan barkwanci, sun jero mini su.