2.2 Shinkafar Daji da Asalin Noman Shinkafa a Afirka ta Yamma

Wannan sashe zai yi ƙoƙarin nuna cewa shinkafa ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma, kamar yadda Turawan mulkin mallaka da dama suka ɗauka. Tushenta shi ne shinkafar daji, wata ciyawa mai fitowa da kanta a fadamu da tafkuna, daga Senegal har zuwa yankin Tafkin Chadi. Masana tsirrai suna kiran ta Oryza barthii, don tunawa da Heinrich Barth, Bajamushen da ya ziyarci Kano a shekarar 1851.

Matsalar wannan ciyawa ita ce ƙwayarta tana zubewa da zarar ta nuna, don haka mai tara ta sai ya yi da gaske. Da tafiya ta yi tafiya, mutane suka riƙa ware irin da ƙwayarsa ke zama a jikin zangarniya suna shukawa. Ta haka aka sami shinkafar gida ta Afirka, wato Oryza glaberrima, kimanin shekaru 3,000 da suka wuce.

Roland Portères, masani Bafaranshe, ya nuna cewa wannan aiki ya faro ne a fadamun Kogin Kwara da ke ƙasar Mali ta yau. Tonon da Roderick da Susan McIntosh suka fara a Jenne-jeno a 1977 ya gano ƙwayoyin shinkafar gida na wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Bisa ga wannan, ana iya cewa manoman yankin sun daɗe da sanin shinkafa kafin Turawan Fotugal su iso gaɓar teku a ƙarni na 15.