Tsohon ayari, sabon kaya: tarihin bijire wa magani

Bayan yaƙin duniya na biyu, atuni ya addabi ƙasar Japan. Likitoci suka tare shi da maganin sulfa, daga bisani suka ƙara da streptomycin, chloramphenicol da tetracycline. A shekarar 1955 sai aka ci karo da ƙwayar Shigella, mai haddasa atunin, wadda duk magungunan huɗu ba sa kama ta. Lamarin ya ɗaure wa masana kai, domin a saninsu ƙwayar cuta takan bijire wa magani ɗaya ne bayan ɗaya.

A 1959 masanan Japan Ochiai da Akiba suka gano cewa bijirewar tana ƙaura a dunƙule tsakanin Shigella da E. coli ta cikin hanji, idan sun haɗa jiki. Mai dakon kayan shi ne filasmid, wani ɗan zoben DNA da ke zaman kansa cikin bakteriya, wanda Joshua Lederberg na Amurka ya raɗa wa suna a 1952.

Shin magungunanmu ne suka haifi wannan ɗan dako? A 1983 Naomi Datta da Victoria Hughes, a Landan, suka binciki bakteriyar da aka adana tsakanin 1917 da 1954. Suka tarar da filasmid masu ƙaura birjik, dangin na yau, amma da ƙyar ake samun mai ɗauke da bijirewa. Ashe raƙuman tsofaffi ne, kayan ne sabo.

Kayan kuwa galibi daga bakteriyar ƙasa da ta ruwa suke fitowa. Wasu guntayen DNA masu tsalle, da ake kira tiransfozon, su ke ɗora su bisa filasmid, wani kan wani. Magani na sauka sai marasa kayan su mutu, masu shi su gaje fili. Ta haka aka samu mcr-1 a Sin a 2015, a jikin aladu da mutane, mai karya colistin, maganin da ake ajiyewa don ranar da sauran suka kasa.

Ayarin nan bai san iyakar ƙasa ba. Kowane kafso da aka saya wurin ƴan tallar kasuwa aka sha ba bisa ƙa'ida ba, ko aka ɗura wa dabba, zango ne aka share masa. Wannan darasi ya cancanci shiga ajinmu.