Ɗigo Biyu a Bakin Zaure: Nazari a kan Gardamar Rigakafin Shan Inna

Duk wanda ya zauna a wata unguwa ta Kano ko Zariya ko Gusau cikin shekaru ashirin da suka wuce ya saba ganin matan nan. Su biyu ko uku ne cikin hijabi, ɗaya ta rataya akwatin sanyi a kafaɗa, ɗaya riƙe da takarda da alli. Za su yi sallama su shiga, a ɗiga wa kowane yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ɗigo biyu a baki, a shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsa, su fito su bar rubutun alli a jikin bango. A wani gidan kuma maigida ne zai tare su a zaure. Ba zagi, ba ɗaga murya, sai dai ya ce: "Malama, ku yi haƙuri. Shekaranjiya na kai yarinya asibiti da zazzaɓi, ko kati sai da na biya. Yaya aka yi wannan kaɗai ne kyauta, har gida?"

Wannan tambaya ita nake so in bi diddiginta, domin an daɗe ana yi mata kuɗin goro da sunan jahilci. Hukuncin da mutumin nan ya yanke kuskure ne, kuma yara da yawa sun rasa ƙafafunsu a dalilinsa. Amma tambayar tana da tushe, kuma tushen ya girmi rigakafin shan inna da shekaru masu yawa.

A fara da sunan cutar. Likita ya san ta a matsayin ƙwayar cuta da ke shiga ta baki, ta hanyar ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, ta hayayyafa a hanji, wani lokaci ta kai ga jijiyoyin laka. A cikin yara kusan 200 da suka kamu, ɗaya ne ke shanyewa har abada. Sauran ko su yi ɗan zazzaɓi ya wuce, ko ma ba a ga komai ba. To ka tsaya a inda uwa take tsaye. Ɗanta ya kwana da zafin jiki, gari ya waye ƙafa ta saki, ba ciwo, ba kumburi, sannan ta riƙa motsewa a hankali kamar ana zuƙe ta. Yaran maƙwabta da suka yi wasa tare lafiyarsu ƙalau. Cutar da ke zaɓen mutum ɗaya ta bar kusan ɗari biyu ba ta yi kama da ƙyanda ko sanƙarau ba, waɗanda kowa ke ganin yadda suke bin gida gida. Ta fi kama da aikin wani mai nufi. Shi ya sa Bahaushe ya kira ta shan inna: Inna, wadda masu bori ke lissafawa cikin manyan iskoki mata, ita ce ta sha gaɓar yaron. Sunan da kansa bayani ne a kan sanadi, kuma wanda ya yarda da sanadin zai nemi magani inda ya dace da shi, wato wajen mai magani ko wajen malam, da turare da rubutu da addu'a. Ɗigon ruwa a bakin yaro mai lafiya ba shi da gurbi a cikin wannan lissafi. Yau ma'aikatan lafiya da gidajen rediyo duk shan inna suke cewa, ko da ba su da Inna a zuciya, kuma kalmar tana tafe da tsohon kayanta.

Al'ada ita kaɗai da ba ta kai ga ƙauracewa ba. Mutanen nan su ne suka miƙa hannu aka yi musu lamba har aka kawar da agana, su ne kuma ke rububin allurar sanƙarau idan zafi ya tsananta. Abin da ya mayar da shakka ta zama ƙi shi ne tarihi.

A 1903 Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a Maris, a Yuli kuma aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi yana kan hanyar hijira zuwa gabas. Waɗanda suka tsira daga cikin mabiyansa suka zarce har Sudan, inda zuriyarsu ke zaune a Mai Wurno. Tun daga nan duk abin da ya fito daga hannun Nasara, makaranta ne ko asibiti ko ƙidaya, sai an juya shi an duba bayansa, saboda sau da yawa ƙirgen kawuna haraji ke biyo shi. Kiwon lafiyar zamanin mulkin mallaka ma da umarni ya zo. A yaƙin da aka yi da ciwon barci a ƙasar Ancau, daga ƙarshen shekarun 1930, an tashi ƙauyuka an sake musu matsuguni, har aka kafa garin Takalafiya. Ko da aikin ya yi amfani, darasin da talaka ya ɗauka shi ne cewa magani na iya zuwa da dogari a bayansa. A 1988 kuma, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da shan inna, a ita ce gwamnatin Babangida ta fito da manufar yawan jama'a da ke kwaɗaitar da mace ta tsaya a 'ya'ya huɗu. A kunnen mutane da yawa maganar rigakafi da maganar ƙayyade iyali ta bakin hukuma ɗaya suka fito, a lokaci ɗaya.

Sai 1996. Annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa, kuma ana tsakiyarta kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Asibitin Zana na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka riga aka sani. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna kuma an nemi yardar iyaye. Iyaye da yawa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Jaridar Washington Post ta bankaɗo labarin a ƙarshen 2000, a 2009 kuma aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da ya kamata mai nazari ya riƙe shi ne cewa a Kano macijin ba tatsuniya ba ne, an san asibitin, an san unguwannin yaran.

Da haka aka shiga 2003, shekara ɗari cif bayan Burmi. A Maris Amurka ta afka wa Iraƙi da hujjar makaman da ba a samu ba, kuma Bahaushe, wanda rediyo ba ta rabuwa da kunnensa, ya bi yaƙin daki daki a sassan Hausa na BBC da Muryar Amurka da Jamus. Lokacin da Dakta Datti Ahmad, likita kuma shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a a Najeriya, ya ce ana zargin an gurɓata maganin rigakafin shan inna da sinadarin hana haihuwa, maganar ta faɗa a ƙasar da aka riga aka yi wa huɗa. Biri ya yi kama da mutum. Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin, kuma Kano, a ƙarƙashin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, ta kai kusan shekara guda ba ta dawo ba, duk da gwaje-gwajen da gwamnatin tarayya ta sa aka yi suka nuna maganin ba shi da illa. Abin da ya biyo baya mai ciwo ne. Ƙwayar ta tsallaka iyaka, ta sake ɓulla a ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indonesiya. A 2006 yara fiye da 1,100 ne suka shanye a Najeriya.

Ina matsayin addini a nan? Mutane da yawa, musamman daga waje, sun ɗauka shi ne ya rufe ƙofar. A ganina addini shi ne harshen da aka yi shari'ar da shi, kuma kowane ɓangare da shi ya kafa hujja. Mai ƙi yana cewa cuta da lafiya na Allah ne, don me za a ba da magani kafin ciwo? Mai karɓa yana tuna masa da Sayyidina Umar, wanda ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka, ya kuma bayyana cewa kauce mata ma cikin ƙaddara yake. Yana tuna masa cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da hannunsa ya rubuta littattafai a kan magani. Abin da addini ya fi yankewa shi ne wa za a amince wa. Kano ta dawo da rigakafi a Yulin 2004 bayan an samo maganin daga kamfanin Bio Farma na Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a lokacin. Sinadarin bai canza ba, hannun da ya miƙo shi ne ya canza. Saudiyya ma da ta sharɗanta wa maniyyatan Najeriya shan ɗigon, sai ga dattijo mai furfura ya buɗe baki an ɗiga masa abin da ya hana jikansa, kuma wannan ya yi aikin da dogon bayani bai yi ba.

Daga 2009 sarakunan Arewa, ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, suka ɗauki aikin a matsayin nasu, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Yaran da suka kamu suka ragu daga 388 a wannan shekara zuwa 21 a 2010, ko da yake sabon nau'in maganin da aka shigo da shi a lokacin yana da nasa kason. Masu shirin kuma suka fara amsa tambayar maigidan zaure a aikace: aka haɗa ɗigon da sabulu, da gidan sauro, da maganin tsutsar ciki, daga baya aka riƙa kafa sansanin duba marasa lafiya a unguwanni. Waɗanda cutar ta shanye da kansu suka shiga zagaye a kan kekunansu, kuma ba uban da ke iya yi wa wannan shaida musu. Hanyar ba ta miƙe ba. A 2011 aka gano hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da rigakafin bogi a Abbottabad ta Pakistan wajen farautar Usama bin Ladan, abin da ya ba tsohon zargi sabon rai. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, mata irin waɗanda na fara da su, masu fita don ɗan alawus da ba ya kai ya kawo.

An ga shan inna na daji, wato na asali, na ƙarshe a Borno a 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da shi. Amma matan nan ba su daina zagaye ba. Maganin ɗigo yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana, kuma a inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, takan daɗe tana yawo a tsakaninsu har ta sake yin ƙarfi ta shanye wani. Irin wannan ce ake fama da ita yanzu a Sakkwato da Zamfara da Katsina da Kano, musamman inda rashin tsaro ya hana shiga. Bayani ne mai wuyar yi a tsaye a bakin ƙofa, ga mutumin da ya ji da kunnensa a rediyo an ce cutar ta ƙare. Yanzu idan ya tare su a zaure, tambayarsa ta zama biyu: me ya sa har yau wannan ne kaɗai ke zuwa gida kyauta, kuma in an gama da ita tun 2020, me kuka zo ɗigawa?